Makullin Shafin Yaya Safiyanu

Assalamu alaikum. Sau uku ina fara wannan rubutu ina gogewa, don duk inda na kama sai in ga kamar asirin gidanmu nake tonawa. To amma abin ya tsaya mini a maƙoshi, gara in faɗa muku, ku da ba ku san fuskata ba.

Sunana Adila, shekarata ashirin da huɗu, a cikin garin Haɗeja aka haife ni. Mu biyu Umma ta haifa muka rayu, ni da Yaya Safiyanu, kuma ni ce ƙarama, shi ya sa ba ta kirana da komai sai Auta. Babanmu ya rasu tun ina firamare. Kakanninmu masu shanu ne, amma mu yanzu ko nono sai mun saya. Abin da ya riƙe gidanmu sana'ar da Yaya ya kafa ce, kifi banda da shinkafar gida. Ya sayo tarwaɗa da karfasa wajen masunta ta gefen Baturiya, ya sayo shanshera, shinkafar da ba a casa ba, a ƙauyukan Auyo. Matarsa Anti Bashira ce mai banda, a ganguna uku da ke bayan ɗakinta. Ni ce mai ɗauri a leda da kwali. Shi kuma ya ɗauki bidiyo ya saka a shafinmu na Instagram, yana ɗaga kifi yana cewa, "Ku dubi wannan, jiya war haka yana iyo." Daga Kano, Kaduna, Abuja har Legas ake aiko mana.

Damanar bara, cikin watan Agusta, ruwa ya cinye hanyar wani ƙauye da Yaya ya sayi shinkafa a bayan Auyo. Ya ajiye babur a bakin ruwa ya shiga kwalekwale. Su tara ne a ciki, shida suka fita. Washegari aka same shi a cikin ciyawar kachalla. Wayarsa kuwa har yau tana can ƙasan ruwa.

Ba zan tsaya a kan kwanakin makoki ba, ba zan iya ba. Bayan sadakar bakwai ne na ɗauki wayata don in sanar da masu saye cewa Allah Ya yi masa rasuwa. Sai a lokacin na farga ban san kalmar sirrin shafin ba. Ban san ta imel ɗinsa ba. Komai a kansa yake.

"Anti, ko ya taɓa gaya miki?"

Tana zaune a kan tabarma cikin farin hijabin takaba, 'yarta Umaima na barci a cinyarta. Ta girgiza kai. "Ni ko wayarsa ban taɓa buɗewa ba, Adila."

Na gwada sunan Umaima. Na gwada shekarar haihuwarsa, lambar babur, sunan Umma, sunan makarantar da ya yi. Shafin ya ce zai turo lamba ta layinsa. Layin yana cikin ruwa, kuma da sunansa aka yi rajista. Na zazzage aljihun rigunansa ɗaya bayan ɗaya, suna ta ƙanshin turarensa da hayaƙin banda, ban samu komai ba sai asuwaki da tikitin tasha.

Abin da ya fi ci mini rai, mutane ba su daina magana a ƙarƙashin bidiyonsa na ƙarshe ba. "Malam Safiyanu akwai tarwaɗa manya?" "Malam ka yi shiru, lafiya?" In na amsa da nawa shafin na ce ni ƙanwarsa ce, ya rasu, wasu su yi addu'a, wasu su ce, "Ku yi hattara, 'yan damfara ne." Haka muka yi wata uku. Gangunan banda suka yi sanyi har kaji na kwana a ciki. Ni kuma na daina cin abinci sai an tsaya a kaina, zanina ma sai na ƙara masa ɗauri.

A nan Ya Misbahu ya shigo.

Abokin Yaya ne tun sakandare, yana da shagon gyaran waya a bakin kasuwa. Dogo ne, baƙi, marar yawan magana, yatsunsa duk tabon ƙunar dalma. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ran nan bayan la'asar ya yi sallama a zaure, cikin shadda ruwan toka, ya ce a kira ni.

"Ki kawo mini takardar shaidar rasuwa da katinsa na ɗan ƙasa. Zan rubuta wa kamfanin, mu ga abin da Allah zai yi."

Kwana goma sha biyu ya dawo da 'yar takarda a ninke, ya rubuta kalmomin sirri uku da biro. Na shigar da ta farko. Shafin ya buɗe. Na ga saƙonni sun fi ɗari huɗu, na ga fuskar Yaya yana dariya da kifi a hannu. A gaban Ya Misbahu na durƙusa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ya juya baya kawai har na gama.

Ku gaya mini, wace mace ce ba za ta so shi ba? Kafin Anti ta fita takaba ya fara zuwa zance, Alhamis da Lahadi. Baffa Shu'ibu, ƙanin babanmu kuma waliyyina, ya ce bai taɓa ganin yaro mai amana irinsa ba. Hayaƙi ya dawo bayan ɗakin Anti. Ni na koma mai amsa saƙo, ni ce mai ɗaukar bidiyo, sai dai ba na nuna fuskata, hannuna kawai da lalle. Kalmomin nan uku kuwa ban canza su ba. Ban ma kawo a raina ba.

Cikin watan nan na zafi ne abu ya fara fitowa. Muna tsakar gida da hantsi muna tsince shinkafa, wayar Anti ta yi ƙara, don lambarta ce a jikin kwalayenmu. Ta saurara, ta miƙo mini.

"Hajiya, Abdulrahman ne mai gidan abinci a Kano. Tun zamanin marigayi nake saye a wajenku. Me na yi muku kuka toshe ni?"

Na ba shi haƙuri ban san a kan me ba. Da na duba, maza goma sha ɗaya aka toshe. Na bi saƙonni, na ga an amsa wa wasu da sunana: *Ba a hira a nan, ka faɗi abin da kake so.* Kunya ta rufe ni. Wani dattijo a Kaduna da yake ce mini "'yata" ma bai tsira ba.

Na tura wa Ya Misbahu saƙo.

*Ya Misbahu, kai ne kake shiga shafi?*

*Ina taya ki tsaro ne.*

*Ka toshe Malam Abdulrahman.*

*Wanda yake ce miki ranki ya daɗe ya gajiya? Da ya gajiya ake sayen kifi?*

*Gaisuwa ce fa.*

*Ni namiji ne, na san gaisuwar maza. Ki bar mini wannan.*

Na daɗe ina kallon "ki bar mini wannan". Ina son sa, wallahi ina son sa. Amma sai na ji kamar ina wanka ne aka ɗage labule.

Washegari na saka doguwar riga baƙa da mayafi ruwan ƙasa, na hau adaidaita zuwa gidan Yagana. Ƙawata ce tun muna difloma, Babarbariya ce 'yar Nguru, aure ya kawo ta Haɗeja, tana sayar da turaren wuta da humra ta waya. Ta tarbe ni da wushe-wushenta, gaisuwar Barebari, ta ajiye mini kunun aya mai sanyi, falonta na ta ƙanshin turaren hawi. Na ba ta labari.

"Tsaya," in ji ta. "Kalmomin da ya rubuta miki da hannunsa, su kike amfani da su har yau?"

"Su ne."

"Kuma a ina kika ajiye?"

"Takardar tana bayan murfin wayata."

Ta dafe kai. "Adila, da karatunki? Yayanki ya ajiye a kansa, kuka sha wuya. Ke kuma kin ajiye a kan wani. Duka biyun ba ajiya ba ce."

Ta buɗe wayarta ta nuna mini wata manhaja. Ta ce aikinta ɗaya ne, ajiye kalmomin sirri, kamar adakar tsofaffi mai kwaɗo. Ita ke ƙirƙiro wa kowane shafi tasa kalmar, doguwa, hargitsattsiya, wadda ba mai iya canka. Ke dai ki riƙe guda ɗaya tak, babbar, wadda ke buɗe adakar.

"Ba ɗaya ba ce a kasuwa," ta ce. "Zauna ki zaɓa da kanki, kada gobe ki ce Yagana ce."

Uku muka duba. Ta farko kyauta ce, amma a cikin wayar kaɗai take ajiya. Na ce, "In wayar ta faɗa ruwa fa?" Yagana ta kalle ni, ta wuce ta. Ta biyu tana da kyau, ga ado, sai dai ba ta da hanyar raba wa abokin aiki shafi ɗaya a ɓoye masa sauran, ni kuwa ina son Anti ta iya shiga shafin kifi ko ina kwance ba lafiya. Ta ukun ana biya duk shekara, Turancinta ma da ɗan nauyi, amma ana iya buɗe ta a wata wayar in wannan ta ɓace, ana iya rabawa, kuma tana da wani abu da ya sa na ajiye kofin hannuna.

"Wannan wurin na magaji ne," in ji Yagana. "Ki sa mutum ɗaya. In wani abu ya same ki, ya nemi a buɗe masa. Za su jira kwanakin da kika yanka, ko bakwai ko fiye. In kina raye sai ki hana. In ba ki hana ba, su buɗe masa."

Kwana bakwai. Na tuna wata ukun nan. Na kifa kaina a hannun kujera, Yagana ta bar ni har na ɗago.

"Ita nake so," na ce.

Wajen babbar kalmar Yagana ta ce kada in kuskura in sa sunan kowa, ko ranar haihuwa, ko abin da wanda ya san gidanmu zai iya tunowa. In haɗa kalmomi biyar ko shida da ba ruwan wata da wata, waɗanda ni kaɗai zan iya jerawa. Ta tashi ta shiga kicin don kada ma ta ga yatsuna. Da na gama ta sa na kwafe lambobin ceto, na buɗe adakar in an manta kalmar, a takarda da hannuna, ta ce ba bayan murfin waya ba, ba cikin jaka ba, wurin da ruwa da wuta da idon baƙo ba sa kaiwa.

"Magaji fa?" in ji ta. "Misbahu?"

Jiya da safe da an tambaye ni, da kafin a rufe baki na faɗi sunansa. Na rubuta imel ɗin Anti Bashira. Ita ce uwar Umaima, kuma sana'ar nan ta uban Umaima ce.

Daga nan muka bi su ɗaya ɗaya muna canzawa. Muka fara da imel ɗin Yaya, don Yagana ta ce shi ne ƙofar gida, sauran duk ɗakuna ne. Manhajar ta ƙirƙiro wata kalma mai tsawon da ko karanta ta ban iya ba, ta adana. Sai Yagana ta ce saura mu kori duk na'urar da ke ciki wadda ba tawa ba, mu kuma duba lambar da ake turo wa saƙon ceto.

Na'ura biyu muka gani. Wayata, da wata kwamfuta.

"Ta shagonsa ce," na ce. "Da ita ya yi aikin dawo da shafin."

Yagana ta matso da fuskarta. "Yaushe ya dawo miki da shi?"

"Nuwamba."

"To nan an rubuta ta fara shiga shekara biyu da suka wuce."

Na karɓe wayar. Lambobin wayar ceto biyu ne a jere, ta Yaya, da wata da na haddace kamar sunana. Muka bincika tsofaffin wasiƙu, muka ga sanarwar ranar da aka ƙara ta, tun Yaya na da rai. Muka koma shafin kifi, wurin tarihin shiga. Kwamfutar nan ta shiga kwana huɗu bayan rasuwa. Ta sake shiga bayan sati biyu. Ta sake, ta sake, duk tsawon wata ukun.

"Yagana, me wannan ke nufi?" Na san amsar, so nake wani ya faɗa.

Ta sassauta murya. "Mai wannan lambar, minti biyar ya ishe shi ya buɗe. Ba ya buƙatar takardar rasuwa. Ba ya buƙatar rubuta wa kowa."

Na danna wurin korar kwamfutar, na goge lambarsa, na sa tawa. Ban san yadda na iso gida ba.

Kafin azahar Ya Misbahu ya kira sau tara. Sai saƙonni.

*Shafi ya fitar da ni.*

*Adila ko an yi miki kutse ne?*

*Ke kika canza?*

*Ki ɗauki waya don Allah.*

Ban amsa ba. Na shiga ɗakin Anti na saka mata manhajar, na nuna mata yadda za ta shiga shafin kifi, na gaya mata na sa ta magajiya. Ta riƙe baki. "Ni? Adila, mutanenmu na Kirikasamma suna ta matsa mini in koma gida." Na ce ko tana Kirikasamma za ta iya buɗewa. Ta share ido da bakin zani, ta ce Allah Ya sa kada ranar ta zo. Abin da na gani a gidan Yagana kuwa ban gaya mata ba.

Da safe sai ga Baffa Shu'ibu, da farar jamfa da hula zanna, carbi a hannu. Aka shimfiɗa masa darduma a rumfa. Umma tana gefe da faranti tana tsince wake. Na durƙusa nesa kaɗan na gaishe shi.

"Ranar Juma'a mutanen Misbahu za su zo sa rana," ya ce. "Jiya kuma babansa ya tare ni a masallaci, wai yaron ya kasa cin abinci, kin kulle shi a waje kamar ɓarawo. Haka ne?"

"Baffa, na gyara tsaron sana'a ne."

"Tsaro daga wa? Daga wanda ya tsamo muku ita? Mutumin da za a damƙa masa ke ɗungurungum, shi za ki hana makullin waya?" Ya juya ga Umma. "Kin ji fa. Ku yi mata magana, tun kafin mutane su ce ba mu san alheri ba."

Umma ba ta ɗago ba. "Ta ji, Malam."

"Ki ba shi yau. Na gama magana."

Na ce to, don ba a ja da Baffa. Amma a raina na san ko za a yanka ni ba zan bayar ba. Na so in faɗi abin da na gani, sai na ga gara in fara ji daga bakin mai shi.

Bayan la'asar Ya Misbahu ya zo. Ban yi kwalliya ba, ban sa turare ba, hijabin sallata na fita da shi. Yana tsaye a zaure, rigarsa duk ta yamutse, idonsa ya yi ja.

"Ya Misbahu, tun yaushe lambarka take cikin imel ɗin Yaya?"

Ya zauna a kan dakali a hankali.

"Shi ya ce in sa. Ranar da na haɗa masa sabuwar waya. Ya ce ko da wani abu."

"Ko da wani abu." Na maimaita maganarsa. "To wani abun ya faru. Kana ina?"

Ya sunkuyar da kai. Na ci gaba.

"Kwana huɗu da rasuwarsa ka shiga. Kana karanta masu tambayar ko yana lafiya. Ka zo gidan nan ka ci tuwon sadaka, ka ga yadda na koma. Sannan ka ce in kawo takardar rasuwa. Ka san yadda na yi na karɓo takardar nan? Ka san sau nawa na faɗi sunansa da ranar a gaban mutanen da ban sani ba?"

"Na sani."

"Me ka yi da ita?"

"Tana cikin durowata. Ban kai ta ko'ina ba."

Da ya musa, da wataƙila na samu abin riƙewa. Bai musa ba.

"Me ya sa? Jira kake in gama lalacewa, sannan ka zo a matsayin mai ceto, in so ka?"

Ya ɗago da sauri kamar na mare shi. Ya kalli ƙofar cikin gida, ya mai da kansa ƙasa.

"Toshe mutanen nan laifina ne," ya ce. "Kishi ne, ba ni da hujja, kuma kin yi daidai da kika canza. Ko kin ba ni yanzu ba zan karɓa ba. Amma wancan, Adila, ba ni da bakin faɗa. Ki ɗauke ni duk yadda kika ga dama."

"Shi ke nan amsarka?"

"Shi ke nan."

"To ka gaya wa mutanenka kada su wahalar da kansu ranar Juma'a."

Ya daɗe a zaune. Sannan ya miƙe, ya sa takalmi, ya ce, "Allah Ya huci zuciyarki." Na ji tashin babur ɗinsa har ya ɓace, ina tsaye ina jiran in ji sanyi a raina. Ban ji ba.

Na wuce ɗakin Umma kai tsaye. Tana kan darduma ta miƙe ƙafa tana shafa man zafi a gwiwa, fanka ta tsaya don ba wuta, ɗakin ya ɗau zafi. Na zauna a gabanta na zayyana mata komai, kwamfutar, lambar, kwana huɗun, takardar da ke cikin durowa. Na ce, "Umma, ki taya ni gaya wa Baffa. Ba zan auri wanda ya zuba mana ido wata uku muna kuka ba."

Ta rufe kwalbar man. Ta goge hannu a zani, yatsa bayan yatsa.

"Ranar sadakar uku ya zo mini," ta ce. "Nan inda kike zaune ya durƙusa. Ya ce yayanku ya bar masa amana, zai iya buɗe komai a ranar."

Umma ba ta taɓa kama sunan Yaya ba, ɗan fari ne. Ko yanzu da ba ya duniya.

"Ni na hana shi."

"Umma?"

"Na ce in ya buɗe ban yafe ba. Na sa ya rantse ba zai gaya miki ba." Ba ta ɗaga murya ba, hawaye ne kawai ke bin kuncinta. "Wayar nan ce ta kai shi ruwa, Auta. Da asuba wani ya aiko daga Abuja yana son buhu goma kafin Juma'a. Na ce masa ruwa ya yi yawa, ka bari ya janye. Ya ce Umma na riga na amsa wa mutane. Ya fita ko koko bai sha ba. Na ce to tunda sana'ar wayar ta tafi da shi, ta tafi gaba ɗaya. Mu ci abin da Allah Ya hore, ko wankau ne in yi."

Ta ci gaba.

"Yaron nan sau huɗu yana dawowa yana roƙona. Ya ce yana shiga yana ganin mutane na ta tambaya, abin na damunsa. Ban saurare shi ba sai da na ga kina neman bin yayanki da ƙafarki, kin zama kamar kara. Na ce je ka buɗe, amma ka san yadda za ka yi kada ta gane da hannuna. Shi ne ya ƙirƙiro zancen takarda." Ta ja hanci. "Kishinsa nasa ne, wannan ku kuka sani. Amma wata ukun nan nawa ne. In kulle mutum za ki yi a waje, da ni za ki fara."

"Umma, kina kallona ina..."

"Ina kallonki. Kuma da za a mai da ni ranar, ban san ko zan canza ba." Ta kamo hannuna ta riƙe gam, tafinta na zafin man. "Kin gyara makulli, kin sa magajiya, Bashira ta gaya mini. Wato har kin shirya wa ranar da ba kya nan. To damina saura wata biyu. In aka aiko neman shinkafa ruwa ya cinye hanya, wa zai shiga kwalekwalen bana? Gaya mini, Auta. Wa ya rage mini?"

Ni ce nake shirin zuwa Auyo da kaina, ban dai faɗa wa kowa ba tukuna.

Wayata ta yi motsi a cinyata. Na duba ta cikin hawaye. Shi ne.

*Na gaya wa Baba a fasa zuwa, na ce laifina ne. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki kai wa Umma zancen nan, ba za ta iya ɗauka ba.*

Umma ba ta karatun boko. Ta kalli hasken wayar, ta kalle ni.

"Shi ne ko? Me ya ce?"

Na kifa wayar a kan darduma. A waje Anti na kiran Umaima ta zo ta yi wanka kafin magariba, hayaƙin banda na shigowa ta taga. Hannuna ɗaya yana cikin na Umma, ta ƙi saki, ni kuma na kasa janyewa.